Laifin Yaro Ƙiuya?

A watan Oktoban shekarar da ta gabata, ni da mai ɗakina muka je ganawar da makarantun firamare na nan Ingila kan shirya tsakanin iyaye da malamai. Yaron ɗan fari ne, saboda haka mai karatu zai yi mini uzuri idan ban kama sunansa ba. A lokacin yana da shekara bakwai. Minti goma ake yanka wa kowane gida. Malamar ta cinye rabinsu wajen yabo: karatunsa ya yi gaba, lissafinsa babu laifi, ba ya tsokanar kowa. Daga nan ta jawo littafin aikinsa ta buɗe mana wani shafi. An umarce su da su shafa kore a kan lambobin da ke rabuwa biyu daidai, sauran kuma su shafa musu ja. Yaron ya cika shafin da ja da kore da ruwan ƙasa, a hargitse, babu wani tsari da ido zai iya bi. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne ya san amsar, domin in ta tambaye shi da baki ba ya kuskure ko ɗaya. Gaggawa ce kawai da rashin sauraron umarni. Ta ƙara da cewa a filin wasa ma yakan miƙa wa abokan hamayya ƙwallo, har yara sun fara ƙin a haɗa su gefe ɗaya da shi.

A mota na yi masa faɗa, irin faɗan da yawancinmu muka iya ba tare da an koya mana ba: mun baro ƙasarmu da danginmu domin ku sami abin da ba mu samu ba, ga shi shafa launi ma ya gagare ka. Ya ce, "Abba, ai yadda ta ce haka na yi." Wannan amsa ta fi kuskuren ɓata mini rai, domin na ɗauke ta musu da babba. Na hana shi kallon talabijin mako guda, na kuma kwana ina ganin na sauke nauyin tarbiyya.

Wata takwas bayan haka, a watan Yuni, muka kai su wata gona a bayan garin Manchesta inda ake biya a shiga a tsinki sitiroberi da hannu. Ƙanwarsa, 'yar shekara huɗu, ta cika kwandonta kafin mu kai ƙarshen kunya ta farko. Shi kuwa yana durƙushe yana laluben ganye da yatsu kamar mai neman allura, da 'ya'ya biyar ko shida a kwando, biyu daga ciki ma ɗanyu. Mahaifiyarsa ta nuna masa wani jajawur da ke rataye a gabansa, ta ce ga shi nan. Ya ce ina? Sai da ta kama hannunsa ta ɗora a kai. Ta miƙe ta dube ni, ta ce, "Abban yara, haka ƙanena yake."

Asabar ɗin da ta biyo baya muka kai shi shagon gwajin ido. Mai gwajin ta ɗauko wani ɗan littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, wanda wani likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fara wallafawa a 1917, har yau kuma da shi aka fi fara tantance wannan hali. A shafin farko akwai lamba 12, wadda kowa ke gani, shi ma ya gan ta. A wani shafin ina ganin 8 ƙuru-ƙuru, ya ce 3. Inda nake ganin 74 ya ce 21. A wasu ya ce babu komai sai ɗige. Abin da ba zan manta ba shi ne, bayan kowace amsa sai ya saci kallona ya ga ko raina ya ɓaci.

Bayanin abin ba shi da tsawo. A can ƙuryar ido, a shimfiɗar da haske ke sauka, akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi iri uku da ke da alhakin launi: wasu sun fi jin hasken da ya karkata wajen ja, wasu wajen kore, wasu wajen shuɗi. Ƙwaƙwalwa ce ke gwama saƙon ukun ta fitar da launin da muke gani. Idan an haifi mutum babu iri ɗaya daga cikin na ja da na kore, ko akwai shi amma jinsa ya matso kusa da na ɗan'uwansa, sai launuka da dama su haɗe masa: ja da kore da ruwan ƙasa da ruwan goro su zama 'yan gida ɗaya, shuɗi da shunayya su yi kama, ruwan hoda ya koma tamkar ruwan toka. Sunan da aka saba kiran abin da shi, makantar launi, ya yi masa girma. Yaron yana ganin shuɗi da rawaya sarai, idonsa kuma ya fi nawa kaifi, ni da ba na rabuwa da tabarau. A tsakanin mutanen arewacin Turai, kimanin namiji ɗaya cikin 12 da mace ɗaya cikin 200 ne ke da wannan hali. A tsakanin mutanen Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai shi. A ajin yara 30 irin na nan, sau da yawa za a sami ɗaya. Wanda aka haifa da shi ba ya warkewa, abin kuma ba ya ƙaruwa. Tabarau masu tsada da ake tallatawa a intanet suna iya ƙara tazara tsakanin wasu launuka, amma ba sa dawo da ƙwayar da babu.

Sai da na san wannan sannan na lura cewa an gina makarantar ƙananan yara kacokan a kan launi. Littattafan koyon karatu an jera su hawa-hawa, kowane hawa da launinsa, sai a ce wa yaro je ka ɗauko daga akwatin kore. Teburan aji da launi ake kiransu. A ajujuwa da yawa akwai allon ɗa'a a bango mai kamar fitilar danja: sunanka a kore kai yaron kirki ne, a ruwan goro an ja maka kunne, a ja za a kira iyayenka. Malama takan duba aiki da biro kala biyu, ɗaya na yabo ɗaya na gyara, sau da yawa ruwan hoda da kore, sai yaro ya kasa gane wanne ne wanne. Ana koyar da ƙirga da 'yan tubala masu launi. A filin wasa a raba riguna ja da kore, a kan korayen ciyawa, a ce wa yaro ya ba nasa ƙwallo yana cikin gudu. Idan ya yi gaba abin ba ya raguwa: taswirar da ke nuna tudu da kwari da launi, jadawalin ƙididdiga mai yanka-yanka, ruwan gwajin tsami a ɗakin kimiyya wanda amsarsa gaba ɗaya ita ce wane launi ya koma. Babu mugunta a cikin ko ɗaya daga wannan. Launi shi ne harshen da ya fi saurin shiga kan yaron da bai iya karatu ba tukuna, malamai kuma sun yi daidai da suka riƙe shi.

Yaron da wannan harshe bai isa gare shi duka ba yakan nemi dabara. Ya jira ya ga fensirin da na kusa da shi ya ɗauka, sai a ce yana satar amsa. Ya tsaya yana juya fensira biyu a hannu, sai a ce yana da nawa. Ya haddace cewa ganye kore ne, jini ja ne, ya ci a baki, ya faɗi a takarda. Namu tun yana ɗan shekara biyar ya ce mana ba ya son zane, muka ɗauka halinsa ne, har ina yi wa abokaina alfahari cewa ɗan injiniya ne, lamba ya sani. Makin da ya rasa bai dame ni ba. A wannan shekaru maki ba ya kai mutum ko'ina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne darasin da yake ɗauka game da kansa a kowace rana: ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya bi umarni yadda ya ji shi, an ce ya yi kuskure, ya ce bai yi ba, an ce ya yi musu. Yaron da aka yi wa haka sau ɗari, ɗayan biyu zai yanke: ko shaidar idonsa ba abin dogaro ba ce, ko manya ba su da adalci. Ban san wanne ya fi muni ba.

Tambayar farko da na yi wa kaina, wadda dangi ma suka yi ta maimaita mini a waya, ita ce: me ya hana shi faɗa? Amsar tana cikin tarihin garin da muke zaune. John Dalton, masanin nan da ake jingina wa ka'idar ƙwayar zarra a ilimin sinadarai, mutum ne da ya shafe fiye da shekara hamsin yana rubuta yanayin sama a kullum. Wajen lura da abu ba a cika samun kamarsa ba. Duk da haka sai da ya kai shekara 26, a 1792, sannan ya tabbatar cewa ganinsa ya saɓa wa na mutane, bayan ya lura da wani fure da kowa ke cewa ruwan hoda ne, shi kuwa yana ganinsa shuɗi-shuɗi da rana, a hasken kyandir kuma ya rikiɗe masa. Ya tambayi abokansa, babu wanda ya ga wannan rikiɗa sai ɗan'uwansa. A 1794 ya gabatar da bayanin a gaban ƙungiyar masana ta Manchesta. Ya zaci ruwan cikin idonsa ne ke da shuɗi, har ya bar wasiyya a duba bayan ransa. Da ya mutu a 1844 aka duba, aka tarar ba haka ba ne. Aka adana idon, sai a 1995 gwajin ƙwayoyin gado ya nuna cewa ƙwayar kore ce ba shi da ita. Idan mai lura irin wannan ya kai shekara 26 bai tabbatar ba, me nake jira daga ɗan shekara bakwai? Mutum yana kukan rashin abin da ya taɓa mallaka ne. Yaron ya koyi sunayen launuka daga bakinmu, yana faɗinsu yadda muke faɗi; kalmominmu ɗaya ne, abin da ke bayansu ne ya bambanta, babu kuwa wata taga da zai leƙa ya ga nawa ko in leƙa in ga nasa.

To, shi ya fita. Ni fa? Wani abokina da na ba labarin ya ce in daina damun kaina, ai ban sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Na so in karɓi wannan lallashi, domin a zahiri matsayinmu ɗaya da yaron: shi bai ga ja ba, ni ban ga cewa bai gani ba. Amma tun muna ƙanana malamanmu sun bambanta mana rashin sani iri biyu: na wanda ba shi da hanyar sani, da na wanda hanyar na gabansa ya yi sakaci da tambaya. Na farko uzuri ne cikakke. Na biyu yana rage nauyi, ba ya ɗauke shi. Da na auna kaina da wannan ma'auni, sai na ga ba na cikin kashin farko.

Aikina shi ne tsara na'urorin da ke sarrafa injunan masana'anta, a kan haka na yi digirina na biyu a ƙasar nan. Daga cikin ƙa'idojin da ake fara cusa mana akwai cewa kada launi ya zama shi kaɗai ke ɗauke da saƙo. Idan tukunyar tururi ta ɗauki zafi fiye da kima, ba ya isa alamar da ke kan allo ta koma ja. Dole ta zo da siffa, da lamba, da rubutu, da ƙara, domin ba ka san idon wanda ke kan aiki a daren ba. Wayar da ke sauke wuta ƙasa a gidajen nan tana da ratsin kore da rawaya, don haka ko wanda bai rarrabe launi yana gane ta da ratsin. Fitilar danja ma ja a sama yake kullum, kore a ƙasa. Ni da hannuna na taɓa mayar wa wani ƙaramin injiniya zanensa saboda ya bambanta buɗaɗɗen famfo da rufaffe da ja da kore kawai, har na karanta masa ƙididdigar ɗaya cikin 12. Ilimin yana kaina ranar da na zauna gaban malamar. Ita kanta ta miƙo mini hujjar a faranti: da baki ba ya kuskure, a takarda mai launi yana yi, a fili mai riguna masu launi yana yi. Da a wurin aiki ne aka ce mini ƙwararren ma'aikaci yana maimaita kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, ba zan fara da zargin halinsa ba, zan je in duba allon da aka ba shi. Ma'aikacin da ban taɓa gani ba na kyautata masa zato. Ɗan cikina na munana masa.

Dalilin, a ganina, ba nawa ba ne ni kaɗai. Hausawa suna cewa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiuya, kuma karin maganar ta faɗi gaskiya game da mu fiye da yadda ta faɗa game da yara: muna da aljihu guda da muka tanada wa kuskuren yaro, duk abin da ya zo sai mu jefa shi ciki. Bai yi ba, ƙiuya. Ya yi ba daidai ba, gangan. Ya yi bayani, rashin kunya. Muna kuma cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, muna faɗinta domin mu rufe bakin yaro. Amma in har gaskiya ce, ai nauyi ta ɗora mana. Wanda ya fi hange shi ne ke da alhakin gane inda hangen ɗan'uwansa ya tsaya. A zama a ƙasar mutane abin yakan ƙara tsanani, domin muna ɗauke da fargabar kada a ce yaranmu ne koma-baya. Da zarar malama Baturiya ta ɗan yi ƙorafi, sai mu yi sauri mu tsaya a gefenta don a san mu iyaye ne masu tarbiyya, yaron ya rasa mai tsaya masa a ɗakin gaba ɗaya.

Na kira ƙanin mai ɗakina a gida. Ya yi dariya ya ce an daɗe ana yi. A aji uku na firamare aka ce su zana tutar Nijeriya, ya shafa mata ruwan ƙasa a gefe biyu, malamin ya zane shi a gaban aji don ya wulaƙanta ƙasa, yara kuma suka laƙaba masa sunan da ya bi shi har sakandare. Bai san abin yana da suna ba sai da ya je gwajin lafiya na neman wani aiki aka mayar da shi. Ya ce, "Yaya, ni fa har na girma zatona mutane ne ke da son sa wa abu ɗaya suna biyu." Yana faɗa yana dariya, amma da na tambaye shi ko ya taɓa komawa ya gaya wa wani a gida, ya ce wa zai gaya wa, kuma me za a yi.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai wani zaluncin da ke laɓe a bayan bayanin kimiyya. Ƙwayoyin gadon da ke da alhakin ja da kore suna kan sandar gado da ake kira X. Namiji ɗaya yake da ita, daga uwa ya samo ta. Mace biyu take da su, lafiyayyar takan rufa wa ɗayar asiri. Shi ya sa abin ya fi yawa ga maza, shi ya sa kuma yake bi ta wajen uwa. Da na yi wa wata 'yar'uwata wannan bayani, abin da kawai ta tsinta shi ne, "Ashe daga wajensu ne." Na yi nadamar buɗe baki. Sai na ƙarasa mata lissafin: idan Allah ya ba yaron nan 'ya'ya mata, kowace za ta ɗauki wannan gado daga gare shi, a ranar kuma daga wajenmu ne. Babu wanda ya zaɓa, babu wanda ya ɓoye.

Da sabuwar shekarar karatu ta kama muka koma makaranta da takardar gwaji. Wani malami da muke salla tare ya riga ya faɗa mini abin da zan iya ji, kuma bai faɗa da mugunta ba: yara talatin ne a gaban mace ɗaya, wani ba ya ci kaza, wani ba ya jin Turanci, wani gidansu babu lafiya, ba za a sake fasalin aji saboda mutum ɗaya ba, adalci kuwa shi ne a ba kowa takarda iri ɗaya. Rabin farko na maganarsa na yarda da shi, nauyin malamai ya yi yawa. Rabi na biyu ne ban yarda ba. Takardar da aka ba ɗana ta ce lissafi za ta auna, sai ta auna lissafi da ido tare, ta kuma rubuta sakamakon da sunan lissafi. Mudun da ke auna abin da bai ce zai auna ba na algus ne, ko da da shi aka auna wa kowa. Gyaran kuma bai kai a kira shi sake fasali ba: a liƙa sunan launi a jikin fensir, a sa harafi a kan tebur, a raba riguna shuɗi da rawaya, a yi rubutu a allo da baƙi ko shuɗi mai duhu, a ce ja layi ƙarƙashin wannan a zagaye wancan maimakon a ce shafa. Sauran yara 29 ba su yi asarar komai ba. Sabuwar malamar ta yi duk wannan cikin mako guda, ta kuma ce a shekarunta na koyarwa ba a taɓa yi mata bita a kan batun ba.

Gyaran da ya fi ba ni kunya na Islamiyyarmu ne ta ƙarshen mako. Mus'hafin tajwidi mai launi, wanda ya cika hannun yaranmu, yana nuna madda da ja iri-iri gwargwadon tsawonta, gunna da kore, haruffan da ba a furtawa da ruwan toka. Malami yakan taƙaita wa yara: in ka ga ja ka ja, in ka ga kore ka yi gunna. Ga yaro irin nawa wannan umarni kusan babu amfani, ya kuma daɗe ana cewa ba ya mai da hankali. Maganin tsohuwar hanya ce da aka koyar da mu a kan allo da baƙar tawada: kunne, da alamomin da ke kan harafi, da sanin hukuncin kansa. 'Yan'uwa masu sadaukar da Asabar da Lahadinsu suna koyarwa, Allah ya saka muku. Idan kun ga yaro yana karanta daidai in ya bi bakinku, yana rikicewa in ya bi shafi, ku tuna da wannan.

Akwai ɓangaren da ya fi wuya, wanda liƙa suna a fensir ba ya warwarewa. Wasu ƙofofin aiki a rufe suke ko a tsuke ga mai wannan hali: tuƙin jirgin ƙasa, tuƙin jirgin sama, aikin jirgin ruwa, wasu sassan soja, wasu ayyukan wutar lantarki. Zuciyar uba tana so in ce wannan ma zalunci ne. Injiniyan da ke cikina ya hana. Direban jirgin ƙasa da dare ɗigon haske guda yake hangowa daga nesa, babu sama babu ƙasa da zai kwatanta, a bayansa kuma rayuka ɗaruruwa; haƙƙinsu ya rinjayi burin ɗana. Sai dai tarihin wannan shinge ma yana da abin lura. Bayan karon jiragen ƙasa biyu a Lagerlunda ta ƙasar Suwidin a 1875, wani masani mai suna Frithiof Holmgren ya jingina abin ga rashin rarrabe launi, daga nan gwajin ma'aikatan jirgi ya bazu a Turai. Masu binciken da suka sake bin takardun shari'ar a zamaninmu sun nuna cewa babu tabbacin hakan ne sanadi. Saboda haka shinge ya halatta, amma a inda hatsarin yake da gaske, gwargwadonsa kuma. Hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta koma amfani da gwajin kwamfuta da ke auna tsananin abin, har wasu masu sauƙinsa suna wucewa su zama matuƙa, kuma wannan ya fi kusa da adalci. Abin da ba shi da wata hujja shi ne a bar yaro ya gina burinsa shekara goma a kan aikin da gwajin minti biyar zai iya rushewa, sai ranar gwajin lafiya ya ji, kamar yadda aka yi wa surukina.

A Ingila an cire wannan gwaji daga tantancewar da ake yi wa 'yan makaranta a 2009. Hujjar ita ce babu magani, wani babban nazari kuma bai ga bambanci mai yawa a sakamakon karatu ba. Amma yaran da nazarin ya bi an haife su ne a 1958, sun yi karatu da alli da baƙin allo, ba a ajin da komai ke magana da launi ba. Sakamakon jarrabawa kuma ba ya nuna yaron da ya daina zane. Gwajin ido kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS, sai dai ba dole ba ne a haɗa da na launi, sai uba ko uwa sun buɗe baki sun nema. A manyan jarrabawa an yarda mai sa ido ya faɗa wa ɗalibi sunan launi idan ya tambaya, amma sai makaranta ta san da halinsa tun da wuri.

Mun yi ta shawara ni da mahaifiyarsa a kan yadda za mu gaya masa. Tana tsoron kalmar makanta, tana tsoron kada ya mai da abin mafaka duk lokacin da aiki ya yi masa wuya. Ni kuwa na ga ya riga ya daɗe yana ɗauke da wani bayani game da kansa, wanda ya fi na gaskiyar muni, mu ne kuma muka ba shi. Muka gaya masa a sauƙaƙe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Abba, to ja ɗin naku yaya yake?" Na buɗe baki in kwatanta, na ce kamar wuta, kamar tumatir, na ga duk abin da zan ambata yana ganinsa, a yadda yake ganinsa. Na ce masa ban iya faɗa ba.

Saura bashi ɗaya. A gidan da na tashi uba ba ya ba ɗa haƙuri. In ya gane ya yi kuskure yakan sayo tsire ne da yamma, kowa ya fahimta. Na sayo abin da ya yi kama da tsiren har sau biyu, na ga bai biya ba, domin abin da na ƙwace masa ba abin ci ba ne: ya faɗi gaskiya na ce ya yi musu. A mota na yi laifin, a mota na biya, muna tsaye a danja a hanyar makaranta, ina kallon gaba domin ban iya kallonsa ba. Na ce ranar da ya ce ya yi yadda malama ta ce, gaskiya ya faɗa, ni ne ban bincika ba, ya yafe mini. Na zaci ya manta. Ya ce ya tuna, littafin ma yana cikin tsohuwar jakarsa. Aka ba mu hannu, na ja mota. Sai da muka kusa ƙofar makaranta ya ce, "To Abba, makon talabijin ɗina fa, za a biya ni?"